Gashin Tutai

Mu a tsibirin Rarotonga ba a taɓa gashin ɗa namiji sai ya yi wayo. Ranar askin yakan hau kujera, a ɗaɗɗaure gashin da ƙyallaye, kowa a dangi ya yanke ɗauri guda. Tutai, ɗan ƙanena Ngatoko, shekararsa biyu ko wuyansa bai tsaya ba, ga farfaɗiya, amma gashi kam har kafaɗa.

Da suka dawo daga asibiti a Auckland na tsare uwarsa Mereana a kicin.

"Me likitan ya ce?"

"Wai ƙwaƙwalwarsa sumul take, Yaya, ba lanƙwasa."

"To sumul laifi ne?"

"Wai tun yaro na ciki ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke tashi su tafi mazauninsu. Nasa sun tsaya a hanya."

"To su ƙarasa mana! Wa suke jira?"

"Ba sa ƙarasawa, Yaya."

Ni dai har yau kaina bai ɗauka ba. Yaron da ke lumshe ido in ana waƙa a coci, a ce wani abu ya maƙale masa a ka?

Mereana ta ce a yi askin wata mai zuwa, Ngatoko ya hau sama.

"Wa ya taɓa aske yaro a goye? So kike gari ya ce mun cire rai? A bari ya kai shekara bakwai."

"Likita bai ba mu bakwai ba," in ji ta.

Da yake ni ce babba, suka jibgo min hukuncin. Yau in ce a yi, gobe in ce a dakata. Tsoro nake ji, gaskiya. A ƙarshe Mereana ta aika wa dangi gayyatar askin da kanta.

Aka gasa alade, aka lulluɓe kujera da bargon ɗinkin hannu. Ngatoko ne ya zauna a kai, ya tallafe kan ɗansa a ƙirji. Jama'a suka rasa ko shewa za su yi ko kuka, kowa ya yanke nasa ya koma da sauri.

Ɗauri ɗaya ya rage, na uba. Aka miƙa masa almakashi ya ƙi karɓa.

"Wannan a bar masa. Ran da ya zauna da kansa na yanke."

Mereana ta zuba min ido, wai in yi magana. Na karɓi almakashin na sa a jaka.