Rigar Sanyi Mai Maɓallai a Hannu

Duk shekara sanyi kan shigo makarantarmu da tari, da shayin safe, da tulin rigunan sanyin da ba a san masu su ba. Yara su zo a dunƙule, rana na ɗan ɗagawa su tuɓe su yar a fili, a tashi kowa ya yi gida abinsa. Baba mai gadi ke bi yana tsincewa, washegari da sassafe ya rataye su a kan wayar shingen da ke kallon titi, don uwar da ta zo wucewa ta gane ta ɗanta. Dabarar shugaban makaranta ce, kuma duk taron iyaye sai ya yi alfahari da ita kamar shi ya ƙirƙiro wutar lantarki. A bana ya ƙara da wata: kowace Laraba iyaye mata su taru a zauren taro su saƙa wa yaran da ba su da rigar sanyi.

Ni ce malamar aji biyu. A bayan idona yara na ce mini Malama Tsawa, na sani, kuma ban ce sun yi ƙarya ba.

A ajina akwai wani yaro da ake kira Maɓalli. Hannunsa na hagu ba ya miƙewa, ya ƙage a gwiwa, riga ba ta shiga sai da kuka. Shi ya sa uwarsa ta saƙa masa shuɗiyar suwaita, ta tsaga hannun hagun tun daga kafaɗa har ƙasa, ta jera jajayen maɓallai, a ɗora a ɓalla. Daga nan sunan ya bi shi. Ranar da ta kawo shi ta ja ni bayan ƙofa, murya ƙasa-ƙasa.

"Malama, ubansa ne ya karya hannun, da ƙofar mota. Gudowa muka yi, kuma ba wannan ne wuri na farko ba. In wani namiji ya zo tambaya, ba ku san mu ba."

Tun daga ranar ba ta taɓa bi ta babbar ƙofa ba, ta ƙofar baya suke shiga da fita. Ita ce kuma ta zama gwanar masu saƙar Laraba, duk da ba ta cika magana ba.

Wata Laraba da sanyi ya yi tsanani har alli na zamewa a hannu, sai ga Maɓalli da rigar makaranta kaɗai, leɓensa na rawa. Jiya ya mance suwaitar a fili. Na leƙa ta taga, ga ta can a kan waya, jajayen maɓallan na ɗaukar ido tun daga nesa.

"Tashi ka ɗauko rigarka," na ce.

Ya kalli tagar, ya sunkuyar da kai. "Ba tawa ba ce."

Aji ya fashe da dariya. Duk makarantar nan wa ke da riga mai maɓalli a hannu? Na daka masa tsawa, ya sake cewa ba tasa ba ce, ya zame daga benci ya koma can lungu bayan kabad ya tsuguna. Raina ya ɓaci, amma lokacin shayi ya yi, an shigo da babbar buta tana tururi, yara sun yi layi da kofunansu. Na yafa masa mayafina na ce zan dawo kansa.

Akwai wata yarinya a ajin, Aku, wadda ko mutuwa ta zo sai ta tambaye ta sunanta. Ban ga fitarta ba, dawowarta kawai na gani da suwaitar a hannu tana haki. Na karɓa, na jawo yaron daga lungu, na zura masa ina ɓalla maɓallan ina faɗa. Jikinsa ya sandare kamar itace.

"Malama," in ji Aku, "wani mai motar burodi ma ya tambaye ni ta waye. Na ce ta Maɓalli ce, na nuna masa ajinmu."

Sai a lokacin na kalli abin da yaron ke kallo tun safe. Farar motar rarraba burodi ce a tsallaken titi, daidai wayar, ƙofar direba a buɗe. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ranar nan yaron ne ya hango, ya zaɓi ya sha sanyi.

Daga bakin ƙofa muka ji muryar Baba mai gadi: "Malam, tsaya, ba a shiga haka!" Sai wani ƙara, ƙwas, sai shiru. Ta taga na ga tsohon a ƙasa, hularsa can gefe, jini na bin kunnensa. Mutumin ya tsallake shi ya nufo mu, sifanar taya a hannu. Ba ƙato ba ne, wannan ya fi ba ni haushi. Siriri ne, da tsabtatacciyar riga, irin wanda zai gaishe ka a hanya ka ce ɗan mutunci.

Na tura ƙofa zan sa sakata, ya banko ta da kafaɗa, ta buge ni a goshi. Yara suka ɓarke da ihu, kofuna suka tarwatse, wasu suka shige ƙarƙashin tebur.

"Zo nan," ya ce wa yaron, a hankali. "Ka ga babanka ba za ka gaishe shi ba?"

Na tsaya a tsakaninsu. "Fita mini daga aji."

"Malama, ɗana ne. Matsa."

"Ko ɗan sarkin duniya ne, a nan ɗan ajina ne. Fita!"

Ban ga ɗagawar ƙarfen ba. Na dai tare da hannu, na ji ƙashin ya ce ƙas, zafin ya hau har ƙwaƙwalwata. Na faɗa kan benci, bencin ya kife da ni. Ina ƙasa na ga ya damƙi yaron a wuya ya finciko shi, ƙafafunsa na jan siminti. Maɓalli bai yi kuka ba, kuma wannan shirun ya fi ihun sauran yaran tsorata ni.

A bakin ƙofa ya ci karo da uwar. Ihun ne ya fito da ita daga zaure, saƙarta na hannu, zaren ulu na biye da ita a ƙasa.

"Sake shi," ta ce.

Ya yi dariya. "Ashe nan kika maƙale. Da saƙarki kika tona wa kanki asiri, sakarya."

Ya kwaɗa mata bayan hannu a baki, ta bugu da allo. Ta taso, ya ƙara mata, ya sa ƙafa ya harbe ta a ciki. Ta dunƙule a ƙasa amma ta riƙe ƙafar wandonsa da hannu biyu. Ya ɗaga sifanar sama, daidai kanta.

Ni dai na san da hannu ɗaya na rarrafa. Butar shayin na kan teburina, na suri mariƙinta na watsa masa shayin mai zafi a gadon baya. Ya kurma ihun da ban taɓa jin namiji ya yi ba, ƙarfen ya faɗi. Yaron ya fizge, uban ya kai cafka ya kama hannun rigar, na hagu. Maɓallan suka ɓalle gaba ɗaya, suka watsu a siminti, yaron ya sulale daga cikin suwaitar ya fita da gudu, ya bar uban riƙe da ulu.

Zai bi shi, uwar ta soka masa allurar saƙa a sha-raɓa, ta danna da duk ƙarfinta. Ya durƙusa. Kafin ya miƙe matan zaure sun cika ajin. Matar mahauci ta ɗauki kujera ta sauke masa a kafaɗa, wata kaka da ko tsayuwa ba ta iya yi sosai tana ta zabga masa jakar ulu tana tsine masa. Suka danne shi, suka ɗaure hannuwansa ta baya da dogon gyalen da aka saƙa wa 'yan aji ɗaya. Yana zagi, yana rantsuwar sai ya kashe ta, har matar mahauci ta zauna masa a kai. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Shugaban makaranta ya iso bayan an gama, yana tambaya ko a kira 'yan sanda.

'Yan sandan suka zo suka tafi da shi. Aka ɗinke kan Baba mai gadi, aka sa mini filasta har kafaɗa, uwar ta rasa haƙori. A asibiti na ce mata in za su sake gudu ba wanda zai ga laifinta. 

"Na gaji, Malama," ta ce. "Kuma a nan ne kawai aka taɓa tare mini."

Aku ce ta bi ƙarƙashin bencina ta tsince maɓallan, ta kawo su a cikin kofinta tana kuka, tana cewa ita ta jawo. Na ce mata ta rufe mini baki, mugu shi ya jawo wa kansa.

Baba mai gadi bai ƙara rataye riga a kan waya ba. Shugaban makaranta ya yi magana, tsohon ya nuna masa ɗinkin da ke kansa, magana ta mutu. Yanzu a kwali yake zuba su, ya bi aji-aji.

Yaron ya dawo, amma ya daɗe ba ya fita fili, ba ya kuma cire suwaitar ko rana ta take. Sai can wajen ƙarshen sanyi, wata safiya Baba ya shigo da kwalinsa. Na sa hannuna mai lafiya na zaro ta sama, shuɗiya, duk ta yi buɗu-buɗu da ƙasar filin ƙwallo, maɓalli ɗaya fari a cikin jajayen. Na ɗaga ta, na haɗe rai yadda na saba.

"Wane sakaran ne ya yar da wannan?"

Daga bencin baya hannun dama ya tashi sama.

"Tawa ce, Malama!"

Na buɗe baki zan yi tsawa, sai kawai na kakkaɓe ƙurar na kai masa har bencinsa.