Dubu Saba'in da Arba'in da Tara

Wata na biyar ke nan Baba bai kira ni 'yarsa ba, ciwon mantuwa ya hana shi gane ni. Idan na shiga ɗakinsa sai ya gyara zama, ya gaishe ni da ladabi kamar nas. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo.

Shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi, kuma ko a gida ba ma tsira. Lambar mota, lambar mita, duk wadda ya gani sai ya tsare ni: cika ce ko mara? Uku na raba ta? Wadda ba ta rabuwa sai da ɗaya da ita kanta, marowaciya yake ce mata. Ni kuwa uwar gaggawa, daga biyar nake tsallakawa zuwa sha ɗaya, in bar bakwai a baya. Na sha ranƙwashi a kan haka, ba kaɗan ba.

Ranar Talata muna jiran likita a kan dogon benci, katin asibitinsa a hannuna. Ina juya shi don rashin abin yi, sai idona ya faɗa kan lambar: 70049. Na ciro biro na matsa kusa da shi.

"Malam, taimaka mini. Wannan lambar wace iri ce?"

Ya karɓi katin, ya nesanta shi da idonsa. "Ke me kika gani?"

"Mara ce, biyu ba ta raba ta. Na tara lambobinta sun ba ni ashirin, uku ma ta fita. Ba ta ƙare da biyar ko sifili ba. Sha ɗaya kuma..."

"Tsaya."

Da gangan na yi.

"Ina kika jefar da bakwai? Dubu saba'in, ga arba'in da tara tana kallonki! Bakwai sau dubu goma da bakwai." Ya rubuta a bayan katin da rubutunsa na allo, tsaf. "Ita dubu goma da bakwan ce marowaciya, ba wannan ba."

Ya ɗaga hannu ya lanƙwasa yatsa. Wallahi miƙa masa kai na yi, ni mai 'ya'ya uku, ina jiran ranƙwashin nan kamar ruwan sha. Sai ya dube ni, ya sauke hannun, kunya ta kama shi.

"Yi haƙuri, baiwar Allah. 'Yata ce mai irin wannan halin. Kullum sai ta tsallake bakwai." Ya yi 'yar dariya, ya juya yana kallon ƙofa. "Ta daɗe ba ta zo ba."

"Za ta zo, Baba."

Ya danƙa mini katin, ya rufe hannuna da nasa.

"In kin gan ta ki ba ta wannan. Kada ki faɗa mata amsar. Ki ce ta kawo mini da kanta."