Koren Littafin Khairunnisa

Ni na zaɓa mata littafin, kuma har gobe ina nan a kan cewa zaɓina ya yi kyau.

Khairunnisa matar Mahdi ce, ɗan Malam Kalilu na bayan gidanmu. Ta gama makarantar horon malamai, aiki bai samu ba, miji yana Mashi yana sayar da kayan babur, sai an kwana biyu yake leƙowa. Zama ya yi mata yawa, daga ita sai waya. A wayar ta ga wasu mata suna baza kati mai hotuna, wai tarot, wai da shi mutum ke gane kansa ya gyara rayuwarsa.

Na ce, "Duba dai."

"Goggo, ba duba ba ne. Sanin kai ne."

"Mu a zamaninmu a ƙasa ake zana sanin kan, ka ba da zakara."

Ta roƙe ni in raka ta sayen littafin 'yan koyo, don idan da tsohuwa ba mai tambayar inda za a. Tsoronta kuwa da dalili. Malam Kalilu ya taɓa korar 'yar haya don an gan ta a ƙofar mai duba a Sandamu. Ran da ya ji surukarsa na wannan harka, ranar za ta kwashe kwanukanta.

Muka je shagon Dorothy, mai littattafan makaranta, wadda Hausa a bakinta ta fi ta wasu jikokina. Khairunnisa ta riga ta sa an kawo mata guda uku daga Legas don ta zaɓa. Dorothy ta zaro su daga ƙarƙashin tebur kamar mai sayar da kayan fasa-ƙwauri.

Na farko baƙi ne, a bangonsa wata mata ba zane tana zuba ruwa a tafki.

Na ce, "Wannan ko wanka za ta yi ai ta ja ƙyaure."

"Mama, shi ya fi sauƙi ga mai farawa," in ji Dorothy.

"Shi ya fi sauƙin kai mutum gidan ubansa."

Na biyu ya kai bulo nauyi, ba hoto ko ɗaya. Khairunnisa ta karanta layi kaɗan ta fara hamma. Sai na hango na ƙasa: kore shar, da zanen ruwan zinariya a gefe, sak littafin addu'o'in da alhazai ke dawowa da shi.

"Ɗauki wannan. Ko a tsakar gida kika yar da shi ba mai zarginki."

Ba a zarge ta ba kam. Uwar mijinta, Hajiya Kande, ta shiga ɗakin ta gan shi a kan katifa kusa da kwanon fura. Hajiya ba ta san boko ba, amma ta san kore da zinariya. Ta ɗauke shi da hannu biyu ta yi wa yarinya faɗa, wai littafi irin wannan ba a ajiye shi inda ƙafa ke kaiwa. Daga nan ta wuce da shi zaure tana murna, Malam zo ka ga surukarka, har da Turanci take neman lahira.

Malam ya sa tabarau ya buɗe. Ya ga mutum a rataye ta ƙafa ɗaya, kai a ƙasa. Ya ga ƙwarangwal a kan doki. Ya ga bene tsawa ta faɗa masa, mutane na zubowa ta taga. Ya daɗe yana girgiza kai.

"Hoto dai ba kyau," ya ce, "amma wannan na gargaɗi ne. Ashe su ma Turawa labarin azaba ya kai musu."

Ya ce ranar Asabar Khairunnisa ta fassara wa matan da ke ɗaukar karatu a gidan.

Ta zo mini ido ya yi ja. "Goggo, kin kashe ni."

"Me aka rubuta a ƙarƙashin mai ratayen?"

"Wai ka dakata, ka daina gaggawa, ka dubi lamarinka ta wani gefen."

"To ina laifi? Karanta musu haka, ki tsallake wajen baza kati."

Ranar Asabar na riga kowa shimfiɗa tabarma. Khairunnisa ta fara da inda-inda, can ta warware. Da ta kai kan ƙwarangwal ta ce abin da ya ƙare a bar shi ya ƙare, sai ga Hussaina mai ƙosai tana sharar hawaye, ita da mijinta ya rasu bara. Malam yana bayan labule yana ta gyaɗa kai. Washegari har a masallaci ya kawo misalin benen.

Sai Mahdi ya dawo. Shi kuwa ya yi boko. Ina gidan, na je aron rariya da ba na buƙata. Malam ya miƙa masa littafin a gaban manyan ɗalibansa.

"Kai ma duba mana, ko ta rage wani abu."

Mahdi ya karanta bango. Ya buɗe ciki, ya rufe. Ya dubi matarsa, wadda ta durƙusa a bakin ƙofa riƙe da butar shayi. Ya dubi ubansa da ya riga ya kai maganar masallaci.

"Yadda ta fassara haka yake, Baba."

"Madalla. A bar shi nan wajena."

A soro Mahdi ya tare ta, ni ina gyara ɗaurin ɗankwali a kusa.

"Katin fa, kin saya?"

"A'a."

"To kada in gan shi." Ya juyo gare ni. "Goggo, ke kuma na san ki."

"Ni? Bakina ƙanin ƙafata."

Khairunnisa tana nan a ɗakinta, kwanukanta na jere. Matan Asabar sun ƙaru, har daga wata unguwa ake zuwa. Littafin yana can sama a zauren Malam, idan za ta shirya darasi sai ta aika a roƙo mata shi, a kawo a nannaɗe cikin ƙyalle.