Koren Tumfafiya

Abin da Dokta Jinaidu ya gani kore a hoton tauraron ɗan'adam ba ciyawa ba ce. Tumfafiya ce. Shanu arba'in da bakwai aka kora a kan maganarsa, tara suka dawo.

Yawancin shanun na wansa ne, Alhaji Tukur, dillali a Kara, kasuwar shanu, sauran kuma amanar mutane. Alhajin nan shi ya sayar da bijimai ya kai Jinaidu boko, shi kuma Jinaidu ya dawo da aikin da ba wanda ya gane kansa a gidansu na Ƙofar Taramniya. Shekara ashirin da biyu yana zaune gaban kwamfuta a wata cibiyar bincike, tauraro na ɗauko masa hoton daji daga sama, shi kuma yana auna inda ya yi kore da inda ya bushe. Aikin yana da doka guda, shi da bakinsa yake koya wa ɗalibai: launi ba shaida ba ne, sai ka je ka taka wurin da ƙafarka. To, shekara shida ke nan motar ofis ba ta shiga daji ba, saboda 'yan bindiga. Doka ta zauna a allo, Dokta ya zauna a kujera.

Bazarar bana ruwa ya yi jinkiri, harawa ta gagari mai shanu. Mode, Bafillacen da ke yi wa Alhaji kiwo tun gashinsa na baƙi, ya ce a yi kudu kamar kullum. Jinaidu ya buɗe kwamfuta a zaure, ya nuna musu wani fili can arewa, tafiyar kwana huɗu, kore shar. Mode ya ce shi dai bai taɓa jin an yi kiwo can ba. Alhaji ya ce, “Kai da ke ƙasa ka fi na sama gani?” Aka yi dariya. Jinaidu ya san bai taka wurin ba, amma bai faɗa ba. Ranar ce ta farko da aka nemi shawararsa a gidan nan.

Ranar da Mode ya dawo, waya ta sami Jinaidu a ofis bayan azahar. Ya hau kabu-kabu zuwa Kara. Tun daga nesa ya hango mahauta sun zagaye shanun tara, ana ƙirga haƙarƙarinsu da ido. Mode na zaune gindin rumfa, duga-dugansa sun tsage. Da ya ga Jinaidu sai ya zaro wani reshe daga jakarsa ya miƙa masa. Ganyen ya yanƙwane, farin ruwansa ya bushe a kara.

“Ga ciyawarka, Dokta. Na ce bari in kawo ma ka gan ta kusa.”

“Duk filin?”

“Iyakar ganin ido. Ko akuya ba ta kula ta. Rijiya guda munka iske, ita ma ta ƙafe. Wajen dawowa sunka fara faɗuwa. Waɗanda na samu na yanka, na yanka. Sauran ungulu.”

Jinaidu ya juya reshen a hannunsa. Ɗan ƙauye ma ya san tumfafiya ba ta cika wuri sai inda ƙasa ta gaji. Shi kuwa takardar bincike uku ya rubuta a kan filin nan, yana cewa dajin arewa na farfaɗowa. Har ƙasar waje an gayyace shi ya yi bayani, an tafa masa.

Alhaji Tukur ya kama hannun rigarsa ya ja shi bayan wata tirela.

“Dattawan Kara za su zauna bayan la'asar, masu amana na son jin ba'asi. Mode ne ya ɓata hanya. Ka ji?”

“Yaya, bai ɓata ba. Inda na nuna ya je.”

“Na tambaye ka? Shanu sun tafi, ba su dawowa. Abu guda ya rage min a garin ga, in na wuce a ce ga wan Dokta. In anka ce Dokta bai san tumfafiya ba, mi na saya da bijimaina? Takarda?”

“To shi Mode fa?”

“Bafillace ne, ya saba da daji. Kai in anka kore ka ofis, mi ka iya? Ko akuya ba ka iya ɗaurewa.”

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi. Wani dattijo mai jan rawani ya tambayi Mode wa ya ce masa ya yi arewa. Mode bai ɗaga kai ba. Ya ce, “Dokta na nan, a tambaye shi.”

“Dokta, na'urarka ta nuna ciyawa?”

“Ta nuna kore,” in ji Jinaidu.

“Wurin da ta nuna, nan Mode ya kai shanu, ko wani wurin?”

Jinaidu ya dubi wansa. Alhaji na jan carbi, idonsa a ƙasa. Ya dubi Mode, ya ga tsohon ya ɗago yana kallonsa, ba da fushi ba, kamar yadda ake kallon hadari ko zai zubar. Reshen tumfafiya na cikin aljihun Jinaidu, yana sukar sa a cinya.

“A aikinmu,” ya ce, “ba a shaidar wurin da ba a taka da ƙafa ba. Ni ban je ba. Ba zan iya cewa ba.”

Dattawa suka gyaɗa kai, suka ce wannan magana ce ta masu ilimi. Wani daga baya ya ce tsufa ne, idon Mode ya fara ja da baya. Mode bai yi gardama ba. Ya miƙe, ya ajiye sandar kiwonsa a gaban Alhaji Tukur, ya ce, “Shekara talatin, Alhaji. Allah shi ba mu alheri.” Ya fita ta tsakanin mahauta, lokacin ana jan ta farko cikin taran zuwa kwata.

Jinaidu bai janye takardunsa ba. Har yau yana kujerarsa, har yau filin nan kore ne a taswirarsa. Reshen yana cikin durowar teburinsa, ƙarƙashin fayil, ya kasa jefarwa.

Hanyarsa ta zuwa ofis ta bakin Kara take bi, amma yanzu yakan ce wa mai kabu-kabu ya zaga ta wani titin. A bakin ƙofar akwai wani tsoho da ke tufka igiya yana sayar wa masu shanu. Mode ne, daga ranar nan ko tunkiya ba wanda ya sake ba shi kiwo.