Ragowar Littafin Malam

"Sauke hannunki daga takardar nan!"

Talatu mai ƙosai ta ɗago a firgice, matsami a hannu ɗaya, yagaggen shafi a ɗayan. Inna Hadiza ce tsaye a kanta tana haki, mayafi ya zame. Tun daga Gyaɗi-Gyaɗi ta tako a ƙasa har bakin kasuwar Tarauni, fushi bai bar ta ta tsaya jiran Adaidaita ba.

"Mama, lafiya?"

"Ina lafiya, kina ƙunshe wa duniya ƙosai da littattafan mijina? Ba ke ce Maman Victor ba? Ba ke ɗana Rabi'u ya kawo wa buhun takardu ba?"

"Ni ce. Ya ce shara ce, gyaran ɗaki yake."

"Shara! Shi ne sharar, ɗan banza."

Inna Hadiza ba ta taɓa shiga aji ba. Amma tun tana amarya, kullum bayan la'asar Malam Isyaku yakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya karanta mata labari, tana tsince shinkafa. Yakan yi muryar sarki, ya yi ta ɓarawo, wani lokaci ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Kin ji mai irin bakinki." Da ya rasu bara, suna tsakiyar wani littafi. Jiya ta dawo daga biki ta tarar da kwabar littattafansa wayam. Rabi'u ko a jikinsa, ya miƙo mata waya, wai duk labaran duniya suna ciki, wata mata ce ma za ta riƙa karanta mata. Ta saurara kaɗan. Murya ce mai santsi, ba ta tari, ba ta tsayawa ta tsokani kowa. Ta kife wayar a kan tabarma.

"Zazzage buhun nan," ta ce wa Talatu.

Talatu ta sauke kasko, ta zazzage. Tsohuwar ta durƙusa tana tonawa, masu jiran ƙosai suna kallo.

"Hajiya, ke da ba kya karatu, yaya za ki gane wanda kike nema?" wani mai gyaran takalmi ya ce yana dariya.

"Kai da kake karatun, me ya hana ka zama gwamna?"

Aka kwashe da dariya.

Da hannu ta gane littafin da suka bari a tsakiya. Bangon baya kore, gefensa ya sha ɗinkin zare da allurarta. Bangon gaba babu, rabin littafin ya bi ƙosai ya watse a gari. Tsinken tsintsiyar da Malam ke sa alama da shi yana nan a maƙale, shafi kaɗan ya rage yagar ta kai gare shi. Ta kai littafin hancinta. Ƙaurin mai ya kama shi, amma can ƙasa akwai ɗan ƙamshin turarensa.



"Mama, ki yafe ni, ban sani ba," Talatu ta ce a hankali. Ta goge hannu a zani. "Zauna a bencin nan. In kina so, in karanta miki daga inda Baba ya tsaya."

Inna Hadiza ta zauna. Wata da watanni tana kwana tana tashi da son jin ko matafiyin cikin labarin ya koma gida. Talatu ta buɗe wurin tsinken, ta gyara murya, ta fara. Layi biyu ta yi, Inna Hadiza ta dafe shafin da tafin hannu.

"Bari, 'yar nan."

"Ban iya ba ne?"

"Kin iya. Amma in kika ƙarasa, shi ke nan ya ƙare."

Ta mayar da tsinken daidai inda yake, ta naɗe littafin a gefen mayafi, ta goya shi a ƙirji.

"Sauran ma ɗaure min su. Mutanen nan kuwa, ki zuba musu ƙosansu a leda."