Lalle a Kan Dashe

…to ja ne ko baƙi? Marka tana juya hannun dama cikin rana, ciki da bai. Ja ne. A'a, ba ja ba ne. Wani abu dai tsakanin tukar goro da gawayi. Tana danna farcen babban yatsa yadda aka koya mata, tana saki. Shiru. Yo ina za ta ga canji, farcen da lalle ya rufe ruf?

"Ki danna ya yi fari, ki saki ya koma ja, jini na tafiya ke nan. In kin ga duhu, ko kin ji hannun da sanyi, ko ruwa kada ki tsaya sha, ki taho." Haka ma'aikaciyar asibitin birni ta yi ta nanatawa ranar sallama. Ta hana daka, ta hana ɗaukar tulu, ta hana kwanciya a kan hannun. Lalle fa? Ba ta ce uffan ba. Mai farce fari fat, ina za ta tuna da lalle?

Bel ɗin injin markaɗe… ƙarar nan… gefen mayafi ne ya fara shiga, hannu ya bi. Wallahi ba ta ji zafi ba sai da ta ga ƙullun wake ya koma ja. Daga Fakku zuwa Kebbe kan babur, Tambuwal, sannan birni, hannu naɗe cikin majanyi. Jijiyar jinin ta dagargaje, in ji likita, ta ƙafa kuma da za a yanko a yi faci ta yi sirantar da ba ta ɗauka. Sai dai wata — wadda aka raina a ɗakin bincike. Raino, sai ka ce ɗan akuya. Ba roba ba ce, ba kuma daga jikin wani aka ciro ta ba. Ƙwayoyin tsoka aka shuka jikin siririn bututu har suka zama jijiya. Sabon abu ne, ana kan gwada shi. Ko ita, ko a yanke daga nan — ya nuna wurin da bakin biro. Mijinta, Baban Ummu, ya ce a yi, ita ta kau da kai.

Dashe suka kira shi. To ai ta san dashe, 'yar fadama ce. Ba duk albasar da aka dasa ke kamawa ba, wadda za ta mutu kuwa ba ta kururuwa, kwantawa kawai take yi.

Ga Inna Tambaya can, uwar mijinta, tana tsintar shinkafa gindin bedi, hankali kwance. Ita ta kwaɓa lallen jiya da marece. "Hannun da ya kuɓuce ma injin, a bar shi fari awa na gawa? Miƙo, ɗiyata, lalle shina kashe zafin ciwo." Da wane baki za ta ce wa surukuwa a'a? Kuma — a faɗi gaskiya — ita ma ta so. Hannun nan tun da ya dawo warin asibiti yake, kamar na aro. An ƙunsa, an rufe da ganye, an ɗaure da tsumma. Ɗaurin… ya yi tsauri ne? Oho. Yatsun nan tun aikin ba su jin komai, ko allura ka soka.

Tsoro take ji. Ummu ko yaye ba ta kai ba. Da me za ta saɓa ta a baya, da me za ta ɗaure goyon? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle ɗiya mai wutsil-wutsil. Baban Ummu kuwa yana kasuwar Tambuwal da babur ɗin, sai almuru, wayarsa ba ta shiga. Marka ta goge farcen da toka, ta goge da lemun tsami. A banza. Lalle sai farce ya tsiro.

Tsaya… na hagun ma ai an ƙunsa, kwano ɗaya, lokaci ɗaya. Tana jera su kan cinya. Hagu ja. Dama… dama ya fi duhu. Innalillahi. Amma ba mata kan ce lalle ya fi kama hannu mai jini ba? To duhun nan na jini ne, ko na rashinsa? Wa za ta tambaya — Inna, wadda za ta ce an raina mata ƙunshi?

Sanyi. An ce ko sanyi. Tana ɗaga shi da hagu, a hankali, tana kai shi kunci, ido rufe…

Ɗumi. Akwai ɗumi, har da zafi-zafi. Alhamdulillahi, Alhamdu—

Tun hantsi hannun nan ke cikin rana. Ga taɓarya yashe kusa da ita. Tana shafa ta da hagu. Ita ma da ɗuminta.

Marka tana jan jiki zuwa inuwar rumbu, ta ɗora hannun kan gwiwa, tana jiran ya huce, ko ya ƙi.