Muryar Baba Shaihu

"Kada ki shigo!" Inna Mairo ta tare ƙofar ɗakin da hannu biyu. "Ba ki gama da shi ba? Mi ya rage?"

Habiba ta tsaya cak, jakar makaranta na rataye a kafaɗarta. Daga ciki tana jin numfashin Baba Shaihu, maƙwabcinsu na Danchadi, yana fita da ƙyar kamar ana jan guga.

"Inna, don Allah. Gafara kawai nika nema."

Makonni uku ke nan da fara abin. Malamin da ke koya wa 'yan ajin farko falsafa a jami'a ya ba su aiki: kowa ya je ya tambayi wani dattijo, shin akwai ƙaryar da ta halatta? Rabin ajin intanet suka kwafa. Ita kuwa ta hau mota ta zo gida, ta sami Baba Shaihu a rumfar albasarsa, ta kunna waya tana naɗar muryarsa da izininsa.

Dariya ya fara yi. "Boko ya koma tambayar abin da ɗan goye ya sani?"

Sai ya ɗauki albasa ɗaya yana juya ta a hannu. Can ya buɗe baki. Shekarar da ambaliya ta share iyakokin fadama, shi aka kira shaida, don shi kaɗai ya san inda kowane layin gamba mai raba gonaki yake. Ya matsar da iyaka taki goma sha biyu. Ya rage wa wani Bawa na Lambara, ya ƙara wa ƙanen matarsa Mairo mai 'ya'ya tara da rumbu wayam.

"Yara tara sunka ci sunka rayu. Bawa ya mutu shina gaishe ni. To ke mai falsafa, gaya min sunan abin ga." Ya nuna wayar. "Ki rubuta, ki sake sunaye. Muryata kau ki goge."

Ba ta goge ba. Kamal, wakilin ajinsu, ya ce ta tura masa ya buga mata a kwamfuta. Har rantsuwa ya yi ba wanda zai ji, ta tura. Da muhawara ta yi zafi a zauren WhatsApp na aji, sai ya jefa muryar, wai ga misali mai rai. Kwana biyu muryar ta isa kasuwar Bodinga. Ranar Juma'a wani ya kunna ta a bakin masallaci, tsohon yana tsaye yana neman takalmansa. A nan ya faɗi.

Da ta kira Kamal tana kuka, cewa ya yi, "Haba ke kuwa, ai ilmi ne. Malam ma ya yaba. Ke ce fa ta ɗaya!"

"Bar ta ta shigo," in ji wata siririyar murya daga ɗakin.

Mairo ta matsa ba tare da ta dube ta ba. Tun safe mutane ke shiga ɗaya bayan ɗaya suna neman gafara, yana cewa ya yafe, su ma su yafe masa. Habiba ta durƙusa a gefen tabarma.

"Baba, ka yahe mani."

"Na ce ki goge."

"Amana ni ba wani, Baba, shi ya..."

"Ni ma amana ni ba ki." Ya ja numfashi. "Da bakina nika son kai ma ɗiyan Bawa maganar ga, in an cire albasa. Shekara ashirin ina tara ƙarfin hali. Yanzu ko na je, kama ni anka yi."

"Baba, ka yahe mani."

Ya dube ta, leɓɓansa suka motsa. Ta matso da kunne. Sai liman ya shigo ya fara laƙƙana masa kalmar shahada, aka ce mata su fita.

Kafin la'asar an kai shi.

Tana zaune a dakalin gidansu, hijabi ya jiƙe, wani babur ya tsaya ƙofar gidan makoki. Dogon mutum ya sauko, baƙo, da igiyar awon gona a naɗe bayan sirdi. Ya cire takalmi, ya tsuguna, ya yi addu'a ya shafa. Sannan ya ɗago kai.

"Daga Lambara nike, ɗan Bawa. Wace ce Habiba?"

Sai kawunan masu zaman makoki da ke kan tabarma duka suka juyo wajen dakalin.